Kafasito da sigina: daga gunjin lasifikar masallaci zuwa fankar da sai an tura ta

Duk wanda ya saba sallar asuba a ƙaramin masallacin unguwa ya san wannan ƙara. Ladan zai kunna amfilifaya, tun bai buɗe baki ba sai ka ji wani gunji mai kauri yana fita daga lasifika, ba ya hawa ba ya sauka. A masallacinmu da ke Tudun Wada mun kusa wata biyu muna fama da shi. Aka canja makirufo, aka canja waya, har an fara maganar karo-karo a sayi sabon inji. Sai wani dattijo mai gyaran rediyo da muke sahu ɗaya da shi ya ce a kai masa shago. Ni na ɗauka na kai. Ya kwance murfi, ya nuna mini wasu 'yan gwangwanaye biyu da ba su wuce tsawon babban yatsa ba, kawunansu sun kumbura kamar fanke.

Ya ce, "Ɗana, ga masu laifin nan. Kwandensa ce ta bushe."

Na ce, "Baba, me ya haɗa waɗannan da murya?"

Ya ce, "Su ba su da murya. Amma su ke hana wutar NEPA yin magana."

Na daɗe ina juya wannan amsa, kuma har yau ban ji wadda ta fi ta ba. Abin da dattawa ke kira kwandensa shi ne yaran yanzu ke kira kafasito. Ana samunsa a rediyo, a caja, a fanka, a inbata, a famfon rijiyar burtsatse, kuma a cikin wayar da ke hannunka akwai ɗaruruwansa. Aikin da yake yi a waɗannan wurare kamar ba iri ɗaya ba ne, shi ya sa almajirin gyara kan haddace su ɗaya bayan ɗaya: wannan na tace wuta ne, wancan na tayar da fanka ne, wancan na kamo tasha ne. A ganina wannan hadda ce ke wahalar da yaranmu. Hali ɗaya tak kafasito yake da shi. Bai damu da yawan wuta ba, saurin canjawarta yake kallo. Wutar da ta tsaya cik yakan tare ta, wadda ke canjawa a hankali yakan bar ta ta wuce da ƙyar, mai canjawa da sauri kuwa sai ya buɗe mata hanya.

Ƙirarsa ba wuya. Faranti biyu ne na ƙarfe suna fuskantar juna, a tsakaninsu akwai wani siririn abu da wuta ba ta ratsawa: iska, ko takarda, ko leda, ko tangaran. Babu wayar da ta haɗa farantan biyu. Idan ka jona su da batir, caji zai taru a ɗaya, ɗayan ya yi ƙaranci, har matsin wutar da ke tsakaninsu, wanda ake aunawa da bolt, ya kai na batirin, daga nan kwarara ta tsaya. An fara gano haka a 1745, lokacin da wani Bajamushe, Ewald von Kleist, ya tara caji a kwalbar gilashi, sannan Pieter van Musschenbroek na garin Laidin a ƙasar Holan ya ci karo da abu guda ba da jimawa ba. Ma'aunin girmansa kuma, farad, an sa masa sunan Michael Faraday na Ingila. Farad guda abu ne mai girman gaske, don haka a fanel, wato allon da ke cikin na'ura, za ka fi ganin maikrofarad, wato kashi ɗaya cikin miliyan, da nanofarad da fikofarad da suka fi shi ƙanƙanta.

To idan babu waya a tsakani, ta yaya sigina ke wucewa? Ɗauki bututun ruwa, ka ɗaura fatar ganga a tsakiyarsa ta toshe shi gaba ɗaya. Tura ruwa daga gefe guda: fatar za ta miƙe, ta ture ruwan ɗaya gefen kaɗan, sai ta kai iyakarta komai ya tsaya. Haka wutar batir take, wadda masu gyara ke kira DC, mai bin hanya ɗaya. Yanzu ka riƙa turawa kana ja, turawa kana ja. Fatar za ta riƙa lanƙwasa gaba da baya, ruwan ɗaya gefen yana kai da komowa daidai da naka, alhali ko ɗigo ɗaya bai ƙetara ba. Motsin ne ya ƙetara. Kuma idan ka ƙara sauri, fatar ba ta samun lokacin miƙewa har ta yi tauri kafin ka juya, sai ka ji kamar ma babu ta. Sigina, ko ta murya ce ko ta rediyo, ba komai ba ce illa matsin wuta da ke hawa da sauka. Don haka tana wucewa, kuma iya saurinta iya sauƙin wucewarta.

Akwai lissafin da ke auna wannan turjiya. Ka ninka 6.28 da yawan juyawar sigina a sakan ɗaya, wato Hertz, ka ninka da girman kafasito, sannan ka raba 1 da abin da ka samu. Amsar tana fitowa da ma'aunin om, irin na razista, ɗan abin nan da ke rage kwararar wuta. Kafasito mai maikrofarad 1, idan ya haɗu da wutar gida mai juyawa sau 50 a sakan, turjiyarsa kusan om 3,180 ce. Idan sautin Hertz 1,000 ne, sai ta sauko zuwa om 159. A Hertz 10,000 ba ta wuce om 16 ba. Razista mai om 100 om 100 ce ga kowa. Shi kuwa kafasito, kowace sigina da irin fuskar da yake nuna mata. Wanda ya riƙe waɗannan lambobi uku a ka ya riƙe rabin karatun.

Mu koma ga amfilifayar masallaci. Wutar da ake kawo mana a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, tana juyawa sau 50 a sakan. Taransistocin da ke ƙara murya ba sa cin irin wannan, wuta mai tsayuwa suke so. Don haka taransifoma ke rage ta, dayod huɗu su juyo da rabin da ke komawa baya ya fuskanci gaba. Amma abin da ke fitowa bai zama shimfiɗaɗɗe ba tukuna. Tudu ne da kwari, tudu ne da kwari, sau 100 a kowane sakan. A nan babban kafasito ke shigowa, kuma aikinsa na randa ne. Famfo yana zuwa yana ɗaukewa, amma mutanen gida ba sa jin ƙishi, domin idan ya zo randa ta cika, idan ya ɗauke a sha daga randa. Kafasito yana cika a kan tudu, yana ciyar da inji a cikin kwari.

Girman randar shi ne magana. Idan amfilifaya na jan amfiya 1, kafasito kuma maikrofarad 4,700 ne, matsin zai sauka da kusan bolt 2 kafin tudu na gaba ya iso. Inji mai kyau yana iya shanye wannan. Idan kafasiton ya bushe ya koma kamar maikrofarad 1,000, faɗuwar za ta doshi bolt 10, sau 100 a sakan. Wannan hawa da sauka sai ya bi ta taransista ya fito a lasifika. Hertz 100 kuwa yana cikin zangon muryar namiji mai kauri, shi ya sa kunne ke jin sa sarai. Gunjin da ya dame mu wata biyu muryar wutar gida ce da kanta, kamar yadda Baba ya faɗa.

Me ke busar da shi? Irin waɗannan masu kamar gwangwani akwai jiƙaƙƙiyar takarda a naɗe a cikinsu, kuma zafi yana ƙafar da ruwan sannu a hankali. Masu ƙera su suna da ƙiyasi: duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba rayuwarsa biyu. Dubi jikinsa, za ka ga an rubuta 85 ko 105, wato digirin zafin da zai iya ɗauka. Mai 105 da aka yi wa alkawarin awa 2,000 a wannan zafi, idan cikin akwatin digiri 65 ne, zai iya kaiwa awa 32,000, fiye da shekara uku da rabi ba a kashe ba. Mai 85 da alkawari iri ɗaya, a wannan akwati, awa 8,000 ne, bai cika shekara ba. Ka tuna zafin Maris da Afrilu a garin nan, ka tuna inbatar da aka cusa a lungu ƙarƙashin kwano ba iska, ga ƙurar hunturu ta toshe ramukan shan iskarta. Bambancin kuɗi tsakanin mai 85 da mai 105 ba shi da yawa. Ina roƙon duk mai saye, a Panteka ko a kasuwar Sheikh Gumi, ya duba wannan lamba kafin ya duba farashi.

A cikin wannan amfilifaya kuma akwai wasu ƙanana da ke yin aikin da ya yi kama da kishiyar wancan. Na farko an ɗora shi ne tsakanin wuta da ƙasa, wato layin da wuta ke komawa ta kansa, yana kwashe rawar da ba a so ya zubar. Waɗannan kuwa a kan hanyar sigina aka sa su, tsakanin mataki da mataki. Kowane taransista yana zaune ne a kan wani matsi tsayayye da ya dace da shi, kuma idan matsin na farko ya kwarara cikin na biyu, zaman na biyu ya lalace, murya ta shaƙe. Ana son murya ta wuce, matsin tsaye ya tsaya a gidansa. Fatar ganga ke nan. Sai dai akwai farashi: sautuka masu kauri su ne masu jinkirin juyawa, su ne kuma kafasito ke fara ragewa. Mai maikrofarad 1 da ke fuskantar razista mai om 10,000 yana fara yanka ne daga Hertz 16 zuwa ƙasa, inda kunnen ɗan Adam ba ya ji, tunda jinmu daga wajen 20 yake farawa zuwa 20,000. Idan wani ya rasa irinsa ya liƙa mai 0.1, yankan zai hau zuwa Hertz 159, sai muryar liman ta zama siririya kamar ta cikin gwangwani. Inji yana aiki, amma ba shi ba ne.

Wannan yanka kuma shi ake nema da gangan a akwatin sifika. Ƙaramar sifikar nan mai fitar da sauti mai kaifi ba ta iya ɗaukar dukan ganga, nan take za ta ƙone. Ana sa mata kafasito a gaba, misali mai maikrofarad 3.3 ga sifika mai om 8, sai ya zama daga wajen Hertz 6,000 zuwa sama ne ke isa gare ta da ƙarfi. Rariya ce: gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Maɓallan ƙara kauri da kaifin sauti da masu kiɗan biki ke murɗawa su ma kafasito ne da razista, ba wani sihiri.

Akwai wanda ba a saya ba amma yana nan. Duk inda waya biyu suka kwanta kusa da juna da roba a tsakani, kafasito ya samu. Wayar makirufo takan ɗauki kimanin fikofarad 100 a kowace mita. A wajen wa'azi ko taron maulidi aka ja mita 50, an tara nanofarad 5 ke nan tsakanin sigina da ƙasa. Idan makirufon mai babbar turjiya ne, kamar om 10,000, sautukan da suka haura Hertz 3,000 za su fara zurarewa tun kafin su isa inji, kuma can ne harufa irin su "s" da "sh" da "ts" suke samun kaifinsu. Sai jama'a su ce malam yana magana kamar da goro a baki. Makirufo mai om 200 a kan wannan waya ba abin da zai rasa. Laifin ba na malam ba ne, ba kuma na amfilifaya ba.

Fanka kuwa wani fanni ne na wannan hali, kuma ya fi wuyar gani. Tunda kafasito canji yake amsawa, kwarara ta fi ƙarfi a cikinsa a lokacin da matsi ke tsakiyar hawa, ba lokacin da ya kai ƙololuwa ba. A ƙololuwa matsi ya ɗan tsaya, kwarara ta zama sifili. Ma'ana kwarara tana riga matsi da rubu'in zagaye, digiri 90. Injin fanka yana da naɗin waya kashi biyu. Idan duka biyun suka samu wuta lokaci guda, maganaɗisun zai riƙa bugawa wuri ɗaya, ba abin da zai nuna wa fanka gefen da za ta bi. Mata biyu a kan turmi ɗaya, idan suka saki taɓare tare karo za su yi. Sai ɗaya ta riga ɗaya lugude yake tashi. Kafasiton fanka, wanda galibi maikrofarad 2 zuwa 2.5 ne a fankar sama, shi ke sa naɗi ɗaya ya riga ɗan'uwansa, sai maganaɗisun ya zama kamar yana zagayawa, fanka ta bi shi. Idan ya raunana ya koma 1, turjiyarsa ta tashi daga wajen om 1,270 zuwa sama da 3,000, naɗin ya rasa abinci. Ita ce fankar da ke gurnani sai an tura ta da sanda, ko take juyawa kamar ba ta so ko an kai ta lamba ta ƙarshe.

A nan ne nake da ja da wata al'ada da ta yi yawa. Mai gida ya ce fanka ba ta gudu, sai a cire mai 2.5 a sa mai 4 ko 5. Gaskiya za ta ƙara gudu. Amma kwararar da ke bin siririn naɗin nan ta kusa ninkawa, zafi ya ƙaru, bayan 'yan watanni koyil ya ƙone, a koma neman mai naɗi. Haka a amfilifaya: ƙara girman randa ba laifi ba ne idan kaɗan ne, amma idan ya yi yawa, a duk kunnawa dayod ne ke shan dukan cika ta. "Babba ya fi" ba ƙa'ida ba ce a wannan sana'a. Lambar bolt da ke jikinsa ce kawai za ka iya haurawa ba fargaba, ka sa mai 50 a gurbin mai 35. Ƙasa da ita kuwa kada a kuskura, haka juya ƙafafun mai gwangwani, domin fashewa yake yi.

Wanda ya taɓa buɗe tsohuwar rediyo ya ga wasu faranti da ke shiga tsakanin juna idan an murɗa maɓallin neman tasha. Kafasito ne mai canja girma. An haɗa shi da koyil, wanda halinsa kishiyar na kafasito ne: yana barin mai jinkiri, yana tare mai sauri. Idan aka haɗa su, caji yakan riƙa lilo tsakaninsu a wani sauri na musamman, kuma tashar da saurinta ya dace da wannan lilo ita kaɗai ke ƙaruwa, sauran su dushe. Iyayenmu da ke murɗa akwati suna neman Rediyon Kaduna a mita 49, wato kilohertz 6,090, abin da yatsunsu ke yi shi ne daidaita faɗin farantan nan har lilon ya kai sau miliyan 6 da dubu 90 a sakan. Gidan rediyon da aka kafa tun 1962 ya shiga ƙauyukan Arewa ta wannan 'yar ƙofa.

Wayar hannu ta zo da nata buƙatu. Ƙwaƙwalwarta tana kunna miliyoyin ƙofofi tana kashewa a cikin ƙiftawar ido, kowane kunnawa yana fizgar wuta. Batir yana nesa, kafin ya amsa matsi ya faɗi, lissafi ya rikice. Shi ya sa ake jera ƙananan kafasito masu kamar ƙwayar gero a gindin kowace aisi, wato ɗan guntun da ke ɗauke da tarin taransistoci, su zama butar da ke kusa da hannu. Wanda aka fi sani a tsofaffin fanel shi ne mai lamba 104, wato 10 da sifili huɗu a fikofarad, daidai da maikrofarad 0.1. Ga wutar Hertz 50 turjiyarsa ta haura om 30,000, kamar ba ya nan. Ga hayaniyar da ke juyawa sau miliyan a sakan kuwa bai kai om 2 ba, sai ya shanye ta. Masu gyaran waya a titin Ahmadu Bello sun san cewa ɗaya daga cikin waɗannan idan ya haɗe ta ciki yana iya kashe waya ɗungurungum. Cire shi yakan tayar da ita, amma gurbin da aka bari fanko yana iya dawowa da matsalar waya mai kashe kanta. Gilashin da kake shafawa ma haka yake aiki: yatsanka yana canja ɗan cajin da ke tsakanin siraran layukan da ke ƙarƙashinsa, waya ta gane inda ka taɓa.

Saura lokaci. Kafasito ba ya cika nan take idan akwai razista a gabansa. Ninka om da farad, za ka samu sakan ɗin da zai ɗauka ya kai kashi 63 cikin 100, kuma bayan ninki biyar na wannan ana ɗaukar ya cika. Om 10,000 da maikrofarad 100 sakan ɗaya ke nan. Da wannan ake yin fitila mai ƙyaftawa da jinkirin da wasu na'urori ke yi kafin su saki wuta. Sai dai yadda yake jinkirin cika haka yake jinkirin zubarwa, kuma idan babu hanyar zubarwa yana iya riƙe cajinsa bayan an zare soket. A cikin talabijin da cajar kwamfuta akwai babba guda, mai lambar 400 ko 450, wanda ke zaune a kan kusan bolt 325, ƙololuwar wutar gida. Na ga yaro ɗan koyo ya kai hannu fanel yana cewa ai an ɗauke wuta. Allah ya kiyaye, yatsa kawai ya ƙone. Haɗa ƙafafunsa da sukundireba, kamar yadda wasu ke yi don su ji ƙarar tartsatsi, yana lalata kafasiton yana kuma cin layin fanel. A sauke shi ta razista mai ɗaukar zafi, ko ta ƙwan fitila mai zare, sannan a sa mita a tabbatar. Na cikin na'urar ɗumama abinci ta maikrowef yana kaiwa wajen bolt 2,000, wannan ba na ɗan koyo ba ne ko kaɗan.

Baba, ranar da muka kai masa injin, haka ya yi. Ya ɗora ƙwan fitila a ƙafafun gwangwanayen har ɗan jan da ya yi ya mutu, ya auna, sannan ya narkar da dalma ya cire su. Ya aiki yaronsa kasuwa da tsohon guda a hannu, ya ce masa, "Maikrofarad ɗin ya zama daidai da wannan, bolt ɗin ko ya fi ba komai, kuma ka duba ka ga 105." Washegari da asuba ladan ya kunna inji, ba mu ji komai ba sai da ya ce Allahu Akbar.